Jeranta Jimla da Sakin Layi a Rubutun Turanci

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar wa ɗaliban aji biyar da aji shida a zauren taro na makaranta, ranar taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai.





Kwamitin ilimi na ƙungiyarmu ne ya umarce ni in yi magana da ku a kan wani fanni na Turanci wanda zai amfane ku a jarrabawar da ke tafe. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba malamin Turanci ba, ga shi kuma a gaban malamaina nake tsaye, saboda haka zancen nahawu na bar wa masu shi. Abin da na zaɓa shi ne wanda aikin ofis ya sa nake karo da shi kowace safiya, wato jeranta magana a rubuce: wace jimla ce za ta zo da farko, wace ce za ta bi mata, wane sakin layi ne zai buɗe takarda, wane ne kuma zai rufe ta.

Me Ya Sa Abin Yake da Muhimmanci

In kana hira da abokinka ka tsallake wani abu, nan take zai tare ka ya ce, “Tsaya, wa ke nan kake nufi?” ko “Yaushe aka yi haka?” Sai ka koma baya ka cike giɓin. Haka ma saƙonnin da kuke aika wa juna ta WhatsApp in kun je hutu, guntu-guntu ne, in ba a gane ba a tambaya. Takarda kuwa ba ta amsa tambaya. Da zarar ta bar hannunka, mai karatu ba shi da kowa sai jimlolin nan a yadda ka jera su. In ka jera su daidai, sun tsaya a madadinka. In ka cakuɗa su, babu wanda zai tashi ya yi bayani. Wannan shi ne gundarin maganata ta yau, sauran duk misalai ne.

Bari mu fara da jarrabawa, tun da ita ce a gabanku. A takardar Turanci ta hukumar WAEC, ana so ɗalibi ya rubuta insha'i na kalmomi 450 ko fiye, kuma maki 50 aka ware masa. Malamanmu da ke zuwa makin sun san yadda ake kasa shi: maki 10 na abin da ka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 kuma na tsabtar rubutu, wato nahawu da haɗa baƙaƙe da alamomin rubutu. Wannan goman ta ƙarshe wuyar riƙewa gare ta, domin kowane kuskure rabin maki ake cirewa, kuskure ashirin ya cinye ta ƙurmus. Ashirin ɗin sarrafa harshe kuma sai wanda ya daɗe yana karance-karance. Amma goman tsari, ko ɗalibin da Turancinsa bai taka kara ya karya ba yana iya samun kaso mai tsoka a cikinta, muddin ya san abin da zai sa a gaba da abin da zai sa a baya. Kun kuma san cewa ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, kuma tsakanin D7 da C6 sau da yawa 'yan maki kaɗan ne. Ɗalibi nawa ne suka zauna gida shekara guda saboda waɗannan 'yan makin?

Wanda Allah ya nufa da karatu a ƙasar waje, zai tarar da abin yana jiransa a can. A jarrabawar IELTS, ma'auni huɗu ake duba rubutu da su, ɗaya daga cikinsu haɗuwar magana da jerantuwarta ne, wato kashi ɗaya cikin huɗu na makin rubutun.

Bayan makaranta kuma sai ofis. A wurin aikinmu, komai a fayil yake tafiya. Ƙaramin ma'aikaci ya rubuta bayani, na sama da shi ya sa nasa, har fayil ya isa teburin Babban Sakatare, wanda ke da tulin wasu fayiloli suna jiransa. In ya karanta sakin layi na farko bai ga abin da ake nema ba, ya karanta na biyu bai gani ba, sai ya rubuta K.I.V., wato a ajiye sai an waiwaya. Wani lokaci kuwa waiwayen sai bayan watanni. Na ga takardar neman gyaran rufin ajujuwa da ta kwana a haka har damina ta wuce, alhali buƙatar gaskiya ce, Turancin kuma ba laifi. Abin da ya kashe ta shi ne mai rubutun ya cika shafi biyu da tarihin makarantar, buƙatar kuwa tana maƙale a layi uku na ƙarshe.

Abin da Kuka Riga Kuka Sani da Hausa

Kada kowa ya ɗauka wannan wani sabon ilimi ne da Bature ya zo da shi. Kowane ɗayanku ya iya jeranta magana tun kafin a sa shi makaranta. In na ce, “Yaron ya faɗi a kan keke,” alhali ban taɓa ambaton wani yaro ba, za ku ce, “Wane yaro?” Domin a Hausa sai an ce “wani yaro” tukuna, sannan a ce “yaron”. Haka kuma ba a fara labari da “Sai suka tashi suka tafi.” Kunnenku zai gaya muku cewa akwai abin da ya gabata, domin “sai” da “suka” kalmomi ne na tsakiyar labari. Ɗan manomi ya san ba a maimai kafin firi, ba a firi kafin shuka. Mai tuƙa tuwo ta san talge ne farko, gari daga baya.

To, Turanci ma yana da irin waɗannan alamomi nasa. “Wani yaro” shi ne “a boy”, “yaron” kuma shi ne “the boy”. Aikin da ke gabanku shi ne ku horar da idonku ya riƙa ganin alamomin Turanci kamar yadda kunnenku ke jin na Hausa.

Mu Gwada Tare

Gani ya kori ji. Ga jimloli biyar na rubuta a allo, na hargitsa su da gangan. Magana ce a kan yadda aka mayar da babban birnin ƙasarmu daga Legas zuwa Abuja.

A. The panel recommended a new site in the middle of the country.
B. It was only on 12 December 1991, however, that the seat of government finally moved there.
C. In 1975, General Murtala Muhammed set up a panel to examine whether Lagos should remain the capital.
D. By the early 1970s, Lagos had become too crowded to serve as both federal and state capital.
E. The government accepted this recommendation and created the Federal Capital Territory in February 1976.

Tambayar farko da za ka yi wa kanka ita ce: wace jimla ce ba za ta iya buɗe magana ba? A ba za ta iya ba, domin ta ce “the panel”, wato “kwamitin”, alhali ba a gabatar mana da wani kwamiti ba. B ba za ta iya ba, tana da “however”, wato “amma”, tana kuma da “there”, wato “can”, ba mu kuwa san ina ne can ɗin ba. E ma ba za ta iya ba, domin ta ce “this recommendation”, ba a kuwa ba da wata shawara ba tukuna. Saura C da D.

Yanzu sai mu ƙulla waɗanda ke riƙe da juna. C ce ta ce “a panel”, saboda haka A mai “the panel” tana bayanta. A ce ta ce “recommended”, saboda haka E mai “this recommendation” tana bayan A. E ce ta ambaci wurin, wato Yankin Babban Birnin Tarayya, saboda haka B mai “there” tana bayan E. Ga sarƙa ta ƙullu: C, A, E, B. Ina za mu sa D? In muka cusa ta a tsakiya, ta tsinka sarƙar. In muka sa ta a ƙarshe, ta zama kamar baƙon da ya zo bayan an tashi daga biki. Ku kuma lura da “had become”, wanda ke nuna abin da ya riga ya faru kafin sauran. Ita ce dalilin da ya sa aka kafa kwamitin tun farko, dalili kuwa a nan ya gabaci abin da ya haifar. Jerin da ya dace ke nan: D, C, A, E, B.

Ku lura ko da na goge shekarun nan 1975 da 1976 da 1991, da za mu kai ga wannan amsar, domin alamomin suna cikin jikin jimlolin. Ga su a taƙaice, ku rubuta a bayan littafinku.

Ta farko, “a” kafin “the”. Ta biyu, suna kafin wakilinsa: ba a cewa “he” ko “it” ko “they” sai an faɗi wanda ake nufi, haka kuma cikakken suna yana zuwa kafin gajerensa. Ta uku, kalmomin nuni irin su “this”, “these”, “such” da “there”, waɗanda kullum baya suke nunawa. Ta huɗu, kalmomin lokaci da sigar aikatau, irin su “had”, “later”, “by then” da “finally”. Ta biyar, mahaɗan magana: “however” na neman abin da za ta saɓa wa, “therefore” na neman dalilin da ya gabace ta, “for example” na neman maganar da za ta kawo wa misali.

Tsohon Zance a Gaba, Sabo a Baya

Akwai wata ƙa'ida ɗaya da in kuka riƙe ta, rubutunku zai riƙa tafiya sumul ko da ba ku yi amfani da mahaɗi ko ɗaya ba. Ka fara jimla da abin da mai karatu ya riga ya sani, ka ƙare ta da sabon abu. Jimla ta gaba kuma ta ɗauko wannan sabon abin ta fara da shi. Ga misali daga tarihin Kano:

Kano has an old market called Kurmi. The market dates from the reign of Muhammadu Rumfa. Rumfa ruled the city from 1463 to 1499.

Kun ga ta farko ta ƙare da kasuwa, ta biyu ta fara da kasuwa. Ta biyu ta ƙare da Rumfa, ta uku ta fara da Rumfa. Kowace jimla tana riƙe da gefen rigar wadda ke gabanta, kamar yadda yara ke yi in za su tsallaka titi. Rubutun ɗalibai da yawa kowace jimla daidai take a nahawu, amma kamar 'ya'yan carbi ne da zarensu ya tsinke, ga su nan a warwatse, ba dama a ja.

Sakin Layi

Sakin layi ɗaki ne mai ɗaukar magana ɗaya. A bakin ƙofarsa akwai jimla ja-gaba, wadda malamanku na Turanci ke kira “topic sentence”, ita ce ke faɗin abin da ke cikin ɗakin. Bayanta sai bayani, sai misali ko hujja, in da buƙata sai jimlar da za ta miƙa mai karatu ga sakin layi na gaba. Duk jimlar da ba ta yi wa ja-gaba hidima ba, ba ɗakinta ba ne, ko a kai ta inda ta dace, ko a fitar da ita, komai daɗinta.

Ga gwaji mai sauƙi. In ka gama rubutu, karanta jimlar farko ta kowane sakin layi kaɗai, ɗaya bayan ɗaya. In sun ba ka taƙaitaccen abin da kake son faɗa, tsarinka ya yi. In ba su ba da ma'ana ba, da sauran aiki. Wannan gwajin yana da riba biyu, domin sashen taƙaitawa na jarrabawar, mai maki 30, yawancinsa farautar jimloli ja-gaba ne a cikin rubutun wani. Wanda ya iya dasa su a nasa rubutun, ba zai sha wahalar gano su a na wani ba.

Yadda ake jera sakin layi kuwa ya danganta da irin rubutun. Labari da rahoton abin da ya faru suna bin lokaci: abin da ya fara faruwa shi ne a gaba. Siffanta wuri tana bin ido: in ka fara daga ƙofar makaranta, ka bi ta ofishin Shugaba zuwa ajujuwa zuwa ɗakunan kwana, kada ka yi tsalle daga ƙofa zuwa ɗakin cin abinci ka dawo ofis. Bayanin matsala yana bin dalili, sannan illa, sannan magani. A muhawara, yana da kyau ka ajiye hujjarka mafi ƙarfi a ƙarshe, don ita ce za ta zauna a kunnen alƙalai. A takardar ofis kuwa, mafi muhimmanci shi ne a gaba, domin ba ka da tabbacin mai karatu zai kai ƙarshe.

Wasiƙarmu da Wasiƙarsu

A nan ne ɗabi'armu ta gida ke saɓawa da ta Turanci, kuma ya kamata mu gane bambancin ba tare da mun raina tamu ba. Bahaushe in zai rubuta wasiƙa, gaisuwa ce farko, sai tambayar lafiyar iyali da mutanen gida, sai addu'a, can ƙasa sannan ya ce, “Dalilin rubuto maka wannan takarda shi ne...” Wannan ladabi ne, kuma ko a baki ba ma faɗa wa babba buƙata daga tsaye. A wasiƙar Turanci zuwa ga ɗan'uwa ko aboki ma akwai gurbin gaisuwa, ko da yake gajere ne. Amma a wasiƙar hukuma, girmama mai karatu shi ne ka da ka ɓata masa lokaci. Kanun wasiƙar da jimlarta ta farko su ne ke ɗauke da buƙata.

A ce an tambaye ku ku rubuta wa Shugaban Ƙaramar Hukumarku a kan rijiyar burtsatsen unguwarku da ta lalace. Sakin layi na farko: wane ne kai, da yawun wa kake magana, kuma me kake nema, a jimla biyu ko uku. Na biyu: abin da ya faru, yaushe rijiyar ta tsaya, mene ne ya lalace. Na uku: halin da mutane suka shiga, yara na makara zuwa makaranta saboda ɗiban ruwa, kuɗin 'yan garuwa ya tashi, wasu sun koma shan ruwan kududdufi. Na huɗu: ƙoƙarin da mutanen unguwa suka yi da kansu, da inda ƙarfinsu ya tsaya. Na biyar: ainihin abin da kuke roƙo a yi, a fili, da godiya.

Yanzu ku gwada sauya musu wuri. In ka sa na uku kafin na biyu, kana kuka mai karatu bai san abin da ya same ka ba. In ka sa na biyar kafin na huɗu, ka yi roƙo kafin ka nuna cewa kun taɓuka wani abu, roƙon kuwa ya yi rauni. In ka cire buƙata daga na farko, ka koma irin takardar rufin ajujuwan nan da na ba ku labari. Kowane sakin layi yana da dalilin zamansa a inda yake, kuma ya kamata ka iya faɗin dalilin in an tambaye ka.

Gargaɗi a kan Mahaɗai

Wasu ɗalibai sun haddace “firstly”, “moreover”, “furthermore” da “in conclusion”, suna yayyafa su a rubutu kamar gishiri, suna ganin tsari ke nan. Mai makin ba ya ruɗuwa da wannan. Igiya ba ta ɗaure abin da ba ya kusa da juna. In ka ce “therefore”, to lallai abin da ke biye ya zama sakamakon abin da ya gabata. In ka ce “however”, lallai akwai saɓani. In ka ce “in conclusion”, to ka gama ke nan, kada ka ɗauko sabuwar hujja bayanta, kamar baƙon da ya yi sallama ya kai bakin zaure sannan ya dawo ya zauna. In kuma ka ce dalilai uku za ka kawo, ka kawo uku cif, a jerin da ka ambace su.

Yadda Za Ku Horar da Kanku

Duk abin da na faɗa ba zai zauna ba sai da gwaji, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ga hanyoyi huɗu, babu wadda ke buƙatar kuɗi, minti goma sha biyar a lokacin karatun dare ya isa.

Hanya ta farko: ku zama biyu-biyu. Kowa ya zaɓi sakin layi mai jimla biyar ko shida daga littafin tarihi, ko labarin ƙasa, ko kimiyya, ya kwafe kowace jimla a guntuwar takarda daban, ya cakuɗa, ya miƙa wa abokinsa. Na ce a kwafe, ban ce a sa wa littafin laburare reza ba, kada Malam mai kula da laburare ya kama ni bayan taro. Wanda ya jera, kada ya tsaya a kan “na ji ya fi daɗi haka”. Dole ya nuna kalmar da ta sa ya ajiye kowace jimla a inda ya ajiye ta. Nan ne karatun yake. Wani lokaci jerinka zai bambanta da na littafin kuma ya ba da ma'ana. In haka ta faru, ku kai wa malaminku ku ji abin da zai ce, domin gardamar kanta darasi ce.

Hanya ta biyu: in kun saba da jimloli, ku koma ga sakin layi. Ku samo tsohuwar jarida ta Turanci, ku yanke shafin ra'ayin jarida da almakashi, sakin layi ɗaya-ɗaya, ku zuba a ambulan, ku yi musaya. Marubutan wannan shafi sukan bi tsari mai kyau: ga abin da ya faru, ga illarsa, ga abin da ya kamata a yi.

Hanya ta uku: ku kwafe sakin layi ku bar gurbin mahaɗansa a buɗe, abokinku ya cike. Da haka za ku gane cewa “however” da “therefore” ba sa zama a gurbin juna.

Hanya ta huɗu, wadda ta fi sauran wuya kuma ta fi su amfani: ka ɗauko insha'inka na zangon da ya wuce. A gefen kowane sakin layi ka rubuta abin da yake magana a kai da kalma uku ko huɗu, ko da Hausa ne. In ka kasa, ko ka ga sai ka rubuta abu biyu, to sakin layin nan ya ɗauki kayan da ba nasa ba. Sannan ka dubi jerin kalmomin da ka rubuta a gefe ka tambayi kanka: da haka zan faɗa wa mahaifina wannan magana in ina zaune gabansa? In amsar a'a ce, sake jera su, ka sake rubutawa.

A Ɗakin Jarrabawa

Ana ba da shawarar a kashe wa insha'i kamar minti 50. Ka ware biyar na farko ba ka rubuta jimla ko ɗaya ba. Zuba duk abin da ya zo maka a rai a gefen takarda da gajerun kalmomi. Haɗa waɗanda suke dangin juna, ka soke waɗanda ba su amsa tambayar ba, sannan ka sa wa sauran lamba: 1, 2, 3. Kalmomi 450 in ka kasa su, gabatarwa kamar 50, sakin layi uku kowanne kamar 120, kammalawa kamar 50, ka ga ka cika har da ɗoriya. Za ka ga na kusa da kai ya riga ka cika rabin shafi, kada gabanka ya faɗi. Wanda ya san hanya, ko ya makara da tashi, yakan riga mai dawurwura isa. Ka kuma bar minti biyar na ƙarshe don karanta abin da ka rubuta, domin waiwaye adon tafiya ne.

Roƙo ga Ƙungiya

Kafin in zauna, ina da roƙo ga yayyena da abokaina tsofaffin ɗalibai. Yawancinmu muna da tsofaffin jaridu da mujallu na Turanci jibge a gida da ofis, ƙarshensu a naɗe ƙosai ko tsire da su. Ina ba da shawarar kowane reshe na ƙungiya ya riƙa tattara su yana aiko wa makaranta sau ɗaya a kowane zango, a ware su musamman don yankawa. Ina kuma roƙon kwamitin ilimi ya duba yiwuwar sa 'yar gasa ta jeranta magana tsakanin gidajen kwana, a ba da kyauta ranar taronmu na baɗi. Abu ne mai arha, amma amfaninsa zai bi yaran nan har ofis.

Ku kuma ƙannena, kujerun da kuke kai mun zauna a kansu, fargabar da kuke ji ta Turanci mun ji ta. Manyan kalmomi za su zo da yawan karatu, a hankali. Jeranta magana kuwa yau da dare kuna iya farawa, da guntayen takarda biyar da aboki ɗaya.

  Allah ya ba ɗalibanmu sa'ar jarrabawa, ya ɗaukaka wannan makaranta tamu, ya mai da kowa gidansa lafiya.